Kyautar Sallamar Baba Direba

Baba Direba yana tsugune a bayan motar, hannu ɗaya a kan bamba, yana jiran ta ga dama ta miƙe, sai ga sakatariya ta sauko tana ƙwas-ƙwas da takalmi ta ce kada ya je ko'ina, ƙaramin maigida zai fito da kansa da ƙarfe goma. Ya ce mata to, bai ko ɗago kai ba. Ita wannan mota ba a kan ƙarfe take zaune ba kamar motocin mutane, a kan jakunkunan iska take, kuma na baya sun daɗe da gajiya. Duk inda ta kwana sai ta wayi gari a gurfane kamar raƙumi, baya a ƙasa, hanci a sama. Sai an tayar da inji, ɗan famfon iskar ya yi ta gurnani wajen minti ashirin, sannan ta ɗaga a hankali ta koma kama da motar manya.

Ranar ce ranarsa ta ƙarshe a kamfanin. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa masu gidan, sha ɗaya daga ciki a wannan baƙar motar. Tsohon maigida ne ya saye ta, ta hannu, bayan ta riga ta sha shekara takwas a wata ƙasa, ba don komai ba sai don wani abokin gasarsa a harkar kayan gini ya sayi irinta. Ranar da aka kawo ta ma'aikata har barin tebur suka yi suka fito kallo. Kujerun fata masu ɗumama baya, labule mai tashi da kansa, ƙofa mai jan kanta ta rufe. Yanzu labulen ya shekara huɗu a maƙale a rabi, kujerar mai zaman banza tana gasa bayan mutum ko ya so ko bai so ba, ƙofar hagu ta baya kuwa sai an sa mata kafaɗa.

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon a gida, ɗansa ya hau kujera. Ma'aikata suna ce masa yallaɓai a gabansa, a bayan idonsa kuma Ƙarami. Abu na farko da ya yi shi ne sayen sabuwar mota wadda yake tuƙawa da kansa, na biyu kuma neman mai sayen tsohuwar. Dillalai uku suka zo. Na farko ya zagaya ta ya tafi ba sallama. Na biyu ya faɗi farashin da ya sa Ƙarami ya ce a raka shi bakin ƙofa. Na uku ya tayar da ita, ya saurari injin, ya tambaya cikin ladabi ko nawa za a ba shi ya ɗauke ta.

Sha ɗaya saura Ƙarami ya fito, ma'aikata a bayansa kamar an kaɗo su, ga mai ɗaukar hoto, ga sakatariya da jan kyalle wanda ta ɗaura a kan bonet ta yi masa kunnuwa. Baba Direba ya tsaya inda aka nuna masa. Ƙarami ya yi jawabi mai tsawo, rabi daga waya yake karantawa. Ya ce Baba ba ma'aikaci ba ne, ɗan uwa ne, uba ne. Ya ce kamfanin da bai san darajar mutanensa ba ba kamfani ba ne. Baba Direba yana kallon bakinsa yana tuna shekarun da yake kai shi makarantar firamare, da ranar da ya cika kujerar baya da amai ya ce kada a faɗa wa babansa.

"Saboda haka," in ji Ƙarami, ya ɗaga mukulli sama yadda kowa zai gani, "motar da Baba ya riƙe da amana, daga yau tasa ce."

Aka tafa. Sau uku aka maimaita miƙa mukullin, saboda a hoton farko an rufe tambarin kamfani, a na biyu kuma agogon Ƙarami bai fito ba. Aka ba shi farin ambulan mai kauri. Ya buɗe a gefe, yana zaton zai ga abin da ya shekara ashirin da shida yana jira. Takardun mota ne, an riga an mayar da su sunansa, sai wata takardar yabo mai ruwan zinariya a gefe. Ya nemi akanta da ido. Akanta ya zo kusa yana goge tabarau, ya faɗa masa ƙasa-ƙasa cewa an kimanta motar da farashin irinta a kasuwa, an sa ta a madadin kuɗin sallamarsa, har ma kamfani ya yafe masa ɗan abin da ya hau.

Samarin ofis suka kewaye shi suna Allah ya sanya alheri, wasu na shafa ƙofa, idonsu cike da hassada. Mai gadi kaɗai, wanda ya sha tura motar nan har ƙashin bayansa ya san nauyinta, shi ne ya buɗe masa ƙofar fita ya sunkuyo ta taga ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Bai yi nisa ba fitilar mai ta kama. Ko tanki ba su cika masa ba. Fitilar ta samu 'yan uwanta a kan allon gaban sitiyari, ta inji, ta birki, ta iska, da wata mai kama da butar shayi wadda har bakanike bai san abin da take nufi ba. A gidan mai, mai zuba fetur da ya saba ce masa Baba, jin cewa motar ta zama tasa sai ya koma yallaɓai, ya tambaya ko a cika. Baba Direba ya miƙa masa abin da ke aljihunsa. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

Daga nan ya wuce garejin da ake gyara motar, a bayan kasuwar katako. Bakaniken da ke kula da motar tun zuwanta yana ƙarƙashin wata ƙaramar mota, amma ƙarar injin kaɗai ta ishe shi, ya jawo jiki ya fito yana murmushin wanda abinci ya biyo shi har gida. Mutanen gareji sun daɗe suna tsokanarsa cewa benen da ya ɗora a gidansa wannan baƙar motar ce ta ɗora shi.

"Gimbiya ta iso. Me ta yi kuma?"

"Ba ta yi komai ba. Tawa ce yanzu."

Bakanike ya yi dariya har da dafa bonet. Da ya ga fuskar Baba Direba ba ta motsa ba, ya karɓi takardun ya duba, dariyar ta tafi. Ya jawo benci, ya sa aka kawo ruwa, ya zauna kusa da shi kamar mai zuwa gaisuwar rashi.

"Baba, da kamfani ke biya, abin da ya lalace nake faɗa. Tunda kai ne, bari in faɗa maka abin da zai lalace."

Ya fara jerowa ba tausayi. Jakunkunan iskar baya ba za su ga ƙarshen shekara ba, kuma idan suka tafi famfon zai bi su, don wahalar cika jaka mai yoyo ce take kashe shi. Giya tana zamewa tsakanin ta biyu da ta uku, wannan Baba ya fi shi sani, tunda shi yake lallaɓa ta da ƙafa kamar mai taka ƙwai. Sarƙar da ke cikin inji ta fara ƙara da safe, kuma waɗanda suka ƙera motar, don tsabar wayo, a bayan inji suka sa ta, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin hannu ya kai. Tayarta ba a samu a shagon kowa. Fitilar gaba guda ɗaya kuɗin babur ce. Baƙin mai kuwa sha take kamar shayi. Ya ce motar an yi ta ne don mutumin da idan ta yi tari zai aika da ita gyara ya hau wata, ba don mutumin da zai tsaya a bakin titi yana jiran ta huce ba.

Baba Direba ya ce duk ya sani. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi da ita.

Bakanike ya ce hanya biyu ce. Ko a wanke ta, a goge fitilun allon da na'ura su ɓuya na kwana biyu, a nemo wani wawa mai guga a riga wanda yake son a gan shi, irinsu ba sa ƙarewa a gari. Ko kuma a kai ta wurin matar nan mai shagon kayan gyara a bayan tasha, wadda take sayen irin waɗannan ta farke su. Wawan zai fi ba da kuɗi, in ji shi, ninki biyu ma. Baba Direba ya ce zai je gida tukuna.

Layinsu matsattse ne, ƙofar gidan da suke haya kuma ko hancin motar ba za ta ɗauka ba, dole ya bar ta a waje ta cinye rabin hanya. Kafin ya kashe inji labari ya riga shi, don kamfani ya sa hoton a shafinsa tun kafin ya bar harabar. Maƙwabcin da ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa sosai ya zo da hannu biyu. Mai shagon kan kwana ya ce dama shi ya san Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Mai gidan hayar, wanda ya zo wucewa a kan babur, ya tsaya ya daɗe yana kallon motar, sannan ya kalli gidansa, irin kallon mai sake tunani a kan kuɗin haya.

Matarsa ba ta fito ba. Ya same ta a tsakar gida tana jera robobin lemo a cikin tsohon firjin da take sana'a da shi, wanda ake ɗaure ƙofarsa da igiya. Sun daɗe da gama shawara a kan kuɗin sallamar nan: ƙaramar mota mai ɗan shan mai wadda zai riƙa ɗaukar fasinja da ita, da sabon firji. Ya miƙa mata ambulan. Ta karanta takardar yabon har ƙasa, ta juya bayanta, ta leƙa cikin ambulan ɗin.

"Malam, ina sauran?"

"Shi ke nan."

Ta ajiye takardar a kan firjin. Ba ta taɓa shiga motar ba, amma ta san ta sarai. Ta san ta a rigunansa da suke dawowa da baƙin mai, da ranakun da ya dawo gida a ƙafa saboda an bar ta a hanya, da ranar da ta mutu a tsakiyar gada tsohon maigida ya zage shi a gaban jama'a kamar shi ya ƙera ta. Ta ce ashe bayan sun gama cin ƙarfinsa, sharar gidansu ma shi zai kwashe musu. Ta zuba masa abinci.

Bai kai rabin kwano ba aka yi sallama. Mijin 'yarsu ne, ma'aikacin wani shagon sayar da wayoyi, mai yawo da waya biyu da mukullin babur a yatsa yana kaɗawa. Ya durƙusa ya yi gaisuwar da bai taɓa yin mai tsawonta ba, sannan ya roƙi a buɗe masa motar ya gani. Baba Direba ya ba shi mukulli ya ci gaba da cin abinci. Ta ƙofa yana hango shi a kujerar baya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana danna duk abin da hannunsa ya kai, yana ɗaukar kansa hoto da waya ɗaya sannan da ɗayar.

Ya dawo da magana a shirye. Ya ce Baba ya manyanta, irin wannan mota tana son mai jini a jika. Ya ce shi a harkarsu mutum da abin hawansa ake auna shi, idan ya sauka daga wannan a gaban manyan masu kawo kaya, magana ta ƙare. Zai sayar da babur ɗinsa, matarsa kuma tana da keken ɗinki biyu, ɗaya ya ishe ta, sauran zai riƙa kawowa duk wata. Abin da ya ambata ya fi abin da bakanike ya ce wawa zai bayar.

Baba Direba ya dube shi. Rigar a goge take ƙwarai, har karin guga yana nan a hannu. Ya tuna 'yarsa a kan keken nan tun safe har ƙafarta ta kumbura, da yadda ta tara ta sayi na biyun don ta ɗauki mai taya ta. Ya faɗa masa maganar jakunkunan iska, da giya, da sarƙa, a taƙaice. Surukin yana ta murmushi yana gyaɗa kai, irin na wanda ya gane ana so a hana shi arziki. Ya ce ai bakanike ba ya taɓa cewa mota lafiyarta ƙalau, kuma shi ya karanta a waya cewa irin wannan injin ba ya mutuwa.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Baba Direba.

Surukin ya tashi fuska a ɗaure, gaisuwar tafiya ba ta kai rabin ta zuwa ba. Bayan ya fita matar ta ce da an ba shi, 'yarta ce za ta ƙare da turi, shi yana ciki yana riƙe da sitiyari da waya biyu. Ta tambaye shi me zai yi. Ya ce zai je bayan tasha. Ta ce ya tafi da takardar yabon ma ko za su saya.

Da ya fito, motar ta riga ta fara durƙusawa, yaran layi suna leƙen fuskarsu a jikin ƙofa. Ya tayar da ita ya jira ta ɗaga. Abin haushi, tun daga kan kwana har babban titi ba ta yi ko tari ba. Giya ta shiga ta uku sumul. Fitilun allon suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har mai kama da butar shayin. Sanyi ya cika ciki, ƙarar titi ta koma can nesa, ramuka suna wucewa a ƙarƙashinta ba a ji. Haka take a shekarar farko, lokacin da yake jin kamar a kan ruwa yake tuƙi. Ya ɗan saki ƙafa ya bar ta ta yi gudu a miƙaƙƙen titin da ke gaban asibiti, hannunsa biyu a kan fatar sitiyarin da tafinsa ya cinye. Sai da ya hango tasha ya rage. Ya san halinta. Ta taɓa yi masa irin wannan lafiyar ana gobe za ta ƙone famfon ruwa.

Shagon kayan gyaran fili ne babba da rumfar kwano, ƙofofin motoci a jingine kamar littattafai, fitilu a rataye a igiya, injuna a jere a ƙasa. Mai shagon mace ce mai jiki, da tabarau a goshi da mukullai a ɗaure a gefen zani. Bakanike ya riga ya yi mata waya. Ta zagaya motar sau ɗaya kamar mahauci a gaban sa, tana ƙwanƙwasa nan tana leƙa can. Ba ta ce a tayar da inji ba, ta ce ba ruwanta da ko tana tafiya. Fitilun gaba ta duba da kyau, da madubai, da ƙwaƙwalwar motar, 'yar kwamfutar da ke ƙarƙashin kujera.

Ta ce irin wannan mota ta fi daraja a mace. Akwai mutum biyar a littafinta masu irinta, duk manyan riguna, duk sun ajiye ta a gida a kan duwatsu suna jiran wanda zai mutu a ba su kayansa. Ɗaya wata uku yana yi mata waya a kan fitilar hagu. Ta ce ita ba ta taɓa hawa irinta ba kuma ba za ta hau ba, amma Allah ya ƙaro masu sonta.

Suka yi ciniki ba hayaniya. Abin da ta bayar ba zai sayi ƙaramar motar da ya yi mafarki ba, sai dai firji da ɗan abin da zai shiga haɗin gwiwa da wani a kan tsohuwar tasi. Ya sa hannu, ta duba takardu ta ga sunansa ne, ta kira ma'aikatanta biyu. Tun bai gama sa kuɗin a aljihu ba suka cire fitilar hagu, don mai ita yana hanya.

Yana tsaye yana kallo wayarsa ta yi ƙara. Ƙarami ne. Muryarsa a sake, ya tambaya ko Baba ya isa gida lafiya, ko iyali sun yi murna, ya ce hoton ya samu karɓuwa sosai. Sannan ya ce wata 'yar alfarma ce. Gobe akwai baƙi uku da za su sauka a filin jirgi da ƙarfe bakwai, tasa motar ba za ta yi ba saboda yana da taro, Baba ya taimaka ya ɗauko su da motarsa. Kuma tsoho yana da ganin likita duk ranar Alhamis, ya saba da kujerar nan, ba ya son wata. Mai kuwa Baba ya zuba kawai, za a san yadda za a yi daga baya. Ai yanzu an zama ɗaya.

Ma'aikatan biyu suka wuce ta gabansa ɗauke da kujerar baya, suka jingina ta da bango kusa da wasu kujerun.

"Yallaɓai, motar ba ta hannuna. Na sayar."

Nan take muryar ta canza. Ƙarami ya ce kyautar da aka ba shi da safe a gaban jama'a? Ko kwana ba ta yi ba? Ya ce bai taɓa zaton haka daga Baba ba, ya ce mutane me za su ce, ya ce motar mahaifinsa ce fa.

"Na ɗauka tawa ce, yallaɓai," in ji Baba Direba.

Ya saurara kaɗan ko akwai sauran magana. Da ya ji an kashe, ya mayar da wayar aljihu, ya yi wa mai shagon sallama, ya tsallaka titi zuwa tasha.

Bas ɗin da ya samu ta kusa cika, sai kujera ɗaya a tsakiya kusa da taga, gefen wata mata mai kwandon kayan miya a cinya. Direban matashi ne mai gaggawa, yana sa giya kamar yana faɗa da ita. Da suka doshi mahaɗar asibiti, wata motar kaya ta sako kai daga dama, Baba Direba ya ji ƙafarsa ta dama ta danna ƙasan bas ɗin da ƙarfi, inda babu birki. Matar ta kalle shi. Ya janye ƙafar a hankali, ya gyara zama, ya juya yana kallon shaguna suna wucewa.